Kafin a hau duwatsun Shere, a gaya wa jagora gaskiyar lafiyar jiki

Da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen watan Oktoba, sai motocin ɗalibai da na ƙungiyoyin matasa da na ma'aikata su fara kwararowa Jos daga Kano da Kaduna da Bauchi da Abuja, kuma da yawansu duwatsun Shere suke nufa. Duwatsun suna gabas da gari, tazarar da ba ta wuce kilomita 10 ba, ƙololuwarsu kuma ta kai kimanin mita 1,829 daga doron teku, alhali shi kansa garin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200. Wanda ya kai sama da hantsi a ranar da babu hazo zai hango gari shimfiɗe a ƙarƙashinsa, da ruwan madatsar Lamingo, da gonakin dankalin Turawa da kayan lambu har iyakar ganinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kuma raka irin waɗannan tafiye-tafiye na yini guda sau da dama da akwatin taimakon gaggawa a hannuna. Ina son su ƙwarai, ina kuma ƙarfafa iyaye su bar 'ya'yansu su je, domin motsa jiki ne da buɗe ido. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wata tambaya da na lura kusan ba a yin ta kafin mota ta tashi, wato ko akwai mai wata lalurar rashin lafiya a cikin matafiya.

Wata shekara a cikin hunturu na raka 'yan matan wata makarantar sakandare da suka zo daga wata jiha mai zafi. Sun iso da daddare, suka kwana a ɗakin da babu wadataccen bargo, da sassafe kuma muka fara hawa, iska tana kaɗawa. Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi na lura wata yarinya 'yar kimanin shekara 16 tana komawa baya, tana tsayawa tana dafa ƙugunta, daga bisani ta zauna a kan wani fa ta rungume ƙwaurinta ba ta ce wa kowa komai ba. Hijabinta mai shara-shara ne, silifa ce a ƙafarta, gorar ruwanta kuma cike take kamar yadda aka ba ta. Da na duba idonta na ga farin ya ɗan yi rawaya, sai na tsuguna kusa da ita na rage murya na ce, "'Yata, kina da sikila ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, don Allah kada ki gaya wa ƙawayena. Da na faɗa, da ba a bar ni na zo ba." Ruwan ma ta ƙi sha ne tun safe don kada fitsari ya kama ta a inda babu makewayi. Muka lulluɓe ta da rigunan sanyi, na ba ta ruwa da maganin rage zafin ciwo, malamai mata biyu suka yi ta goyon ta bi da bi har gindin dutse, daga nan sai asibiti, inda ta yi kwana uku. Ta warke, alhamdu lillahi, amma saukowar nan ta ɗauke mu fiye da sa'a biyu, kuma har yau ina jin nishinta a kunnena.

Ya kamata a fahimci abin da ya faru a jikinta. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma abubuwan da suka fi tayar da ciwon su ne sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da aikin ƙarfi, da raguwar iskar oksijin. Duk huɗun suna haɗuwa a kan dutse a rana guda. A tsayin mita 1,800, oksijin da mutum yake samu a kowane numfashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da bakin teku. Mai cikakkiyar lafiya ba zai ji komai ba sai ɗan haki, domin ciwon tsauni na ainihi, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin ke jawowa a wuri mai tsayi, yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, kuma ko Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Amma ga mai rukunin jini SS ko SC, wato mai sikila, wannan ɗan ragin ba ƙarami ba ne, musamman idan jiya-jiya ya taso daga gari irin Kano, wanda tsayinsa daga teku bai kai mita 500 ba. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila a Nijeriya kowace shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana ɗauke da rukunin AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa amma ba shi da ciwon, saboda haka duk wanda ya cika mota da ɗalibai ya ƙaddara cewa lamarin ya shafe shi. Masu AS galibi sukan hau su sauko lafiya, sai dai idan ɗayansu ya koka da ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wajen saifa, to a sauko da shi a kai shi asibiti, kada a ce gajiya ce.

Ba ina cewa a hana mai sikila fita ba ne, domin tsoron hanin ne ya sa yarinyar nan ta ɓoye ciwonta. Abin da nake so masu shirya tafiya su yi shi ne su tambayi kowa shi kaɗai, a keɓe, tun kwanaki kafin ranar, kuma su gaya masa tun farko cewa amsarsa ba za ta sa a bar shi a gida ba. Mai sikila ya ga likitansa kafin tafiya, ya taho da magungunansa, ya sa kayan sanyi sosai, ya yawaita shan ruwa, a kuma zaɓa masa wurin hange na ƙasa-ƙasa wanda ba ya bukatar doguwar hawa, tare da wani babba da zai zauna da shi. Daga gefen duwatsun ma ana ganin abin da zai faranta rai. Mata su tambayi 'yan mata, maza su tambayi samari, abin da aka ji kuma ya tsaya tsakanin jagora da ma'aikacin lafiya.

Haka tambayar take ga sauran lalurori. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a cikin jakar da aka bari a mota ba, domin busasshiyar iska mai sanyi da ƙurar hunturu suna tayar da ita. Mai ciwon suga da yake shan magani ko yin allura ya karya kumallo sosai, ya riƙe dabino ko alewa, abokin tafiyarsa kuma ya san cewa rawar jiki da gumi da ruɗewar magana alamar sugan ya faɗi ne, a ba shi abu mai zaƙi nan take muddin yana iya haɗiya. Mai hawan jini ya sha maganinsa na safe kamar kullum, idan kuma ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko numfashi ya gagara ko da ya huta, to tafiyarsa ta ƙare a nan, sai asibiti. Mai farfaɗiya kada ya matsa bakin gangare, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Mai juna biyu ta shawarci ungozomarta tukuna. Na kuma sha haɗuwa da dattawa masu azumin nafila na Litinin ko Alhamis a kan hanyar hawa, ina roƙonsu cikin ladabi su ɗage ɗaya daga cikin biyun zuwa wata rana, ko azumin ko hawan.

Sanyin Jos yana yaudarar baƙo a kan maganar ruwa. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri yana auna ƙishirwarsa da gumi, a kan dutse kuwa iska tana busar da gumin tun kafin ya gan shi, numfashin da yake yi da sauri yana ƙara fitar da ruwa, sai ya kai azahar bai sha ko kofi ɗaya ba. Kowane babba ya ɗauki aƙalla lita biyu, ya riƙa kurɓa a kai a kai ba sai ya ji ƙishirwa ba, ya kuma lura da fitsarinsa, idan ya yi duhu ko ya yi ƙaranci to jiki yana neman ruwa. Matsalar makewayi da ke hana mata sha gaskiya ce, kuma maganinta shi ne jagora ya sanya lokutan tsayawa a wuraren da akwai sutura, wata babba ta raka su. A sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS a akwatin magani, idan babu shi kuma a haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a sha ruwan rafi ko na kwarmin dutse komai garai-garai ɗinsa. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a faɗin tudun Jos kuma ba wurin wanka ba ne, domin suna da zurfi ƙwarai, gefensu yana zaftarewa, sun kuma ci rayuka da yawa.

Maganar sutura gajeriya ce. Takalmi ya kasance rufaffe mai kama ƙasa wanda aka riga aka saba da shi, a sa riga a kan riga yadda za a iya ragewa idan rana ta ɗaga, a kuma rufe kai, domin zafin rana a kan fata yana ƙaruwa da tsayin wuri ko da jiki yana jin sanyi. Mai doguwar riga ko zane ta sa wando a ciki ta ɗan tattare, saboda taka bakin tufa a kan gangare yana kayar da mutum.

Tsagin duwatsu gidan maciji ne da kunama da ƙudan zuma, don haka kada a cusa hannu a inda ido bai gani ba, kada kuma yara su jefi saƙar zuma. Idan maciji ya sari wani, abin da aka saba yi a gida shi ne yake ƙara ɓarna. Kada a ɗaure wurin tamau da igiya ko ɗankwali, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin ko shafa wani magani. A kwantar wa mutumin da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a tallafe ƙafar ko hannun da sanda don kada ya motsa, a ɗauke shi a kai shi asibitin da yake da allurar dafin maciji. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, domin dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, waɗannan magunguna kuma suna ƙara zubar jini. Idan maciji mai tofi ya fesa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, sannan a tafi asibiti.

Masu zuwa da damina, tsakanin Afrilu da Oktoba, su sani cewa hadarin Jos yakan taso da rana tsaka ba sallama, wani lokaci har da ƙanƙara, fa mai gansakuka kuma yana zama kamar an shafa masa sabulu. Wanda yake kan ƙololuwa shi ne abu mafi tsayi a wurin, saboda haka da an ji rugugin tsawa a fara sauka, a nisanci itacen da yake tsaye shi kaɗai, kuma kada a koma sama sai an yi minti 30 ba a sake jin tsawa ba.

Yawancin raunukan da na ɗaure a irin wannan tafiya a wajen saukowa aka ji su, lokacin da gwiwa ta yi sanyi, hankali ya koma kan mota da abinci, samari kuma suka fara tsere. Sauran kuma a wajen ɗaukar hoto ne, inda mutum yake ja da baya yana kallon wayarsa alhali rami yana bayansa. Jagora nagari, kuma ya fi kyau ya kasance ɗan yankin wanda ya san hanyoyin da halin tsaron da ake ciki a ranar, yana ƙirga mutanensa kafin hawa da kuma a kowane zango, yana sa babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, tafiyar kowa kuma tana bin ƙafar wanda ya fi kowa rauni. Yana yanke lokacin juyowa tun da safe, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, yadda za a iso gindin dutse da sauran rana, domin a watannin hunturu duhu yana shiga jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Direba ya zauna kusa da motarsa da waya a kunne, a kuma tuna cewa akwai lungunan da waya ba ta samun layi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, a wannan ɓangare na gari, ya kamata direba ya san hanyarsa tun kafin a bukace ta, lambar kiran gaggawa ta ƙasa kuma ita ce 112.

Bayan an koma gida, iyaye su sa ido na kwana biyu. Ciwon cinya da ƙwauri na gajiya yakan lafa da hutu, amma zazzaɓi, ko ciwon ƙashi mai tsanani ga mai sikila, ko fitsari mai launin shayi, ko amai da barci mai nauyi ga wanda ya bugu a ka, duk suna bukatar a je asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa an hau dutse.