Rubutun labari: ginshiƙai da dabaru

Rubutun labari shi ne a ɗauko wasu abubuwa da suka faru, na gaske ne ko ƙirƙira, a tsara su a rubuce yadda mai karatu zai riƙa son jin me zai biyo baya. Ƙagaggen labari, gajeren labari, tarihin rayuwa, har labarin fim duk suna ciki. Manazarta sukan ce ginshiƙansa su ne zubi (yadda aka ƙulla abubuwan da suka faru), taurari (mutanen cikin labarin), wuri da lokaci, jigo, mai ba da labari, sai kuma salo.

Zubi

Nan ne aka fi zuba tawada tun zamanin da. Aristotil na ƙasar Girka, wajajen shekara ta 335 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya ce dole labari ya zama da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma ya ɗora zubi a gaban taurari wajen muhimmanci, duk da cewa shi kan wasan kwaikwayo yake magana ba zube ba. Ji maganar kamar ba komai, amma abin da yake nufi shi ne kowane abu ya faru saboda wanda ya gabace shi, ba wai kawai don ya zo bayansa ba. A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya sake fito da wannan da misalinsa da ya shahara: in aka ce sarki ya mutu sannan matarsa ta mutu, jerin aukuwa ne kawai, amma in aka ce baƙin ciki ne ya kashe ta to an samu zubi kenan, tunda dalili ya shigo.

A 1863 wani Bajamushe, Gustav Freytag, ya zana zubin wasan kwaikwayo kamar dala mai kashi 5, ana shimfiɗa, rikici ya yi ta hawa, a kai ƙololuwa, a fara gangarowa, sannan a warware. Shi a tsakiya ya sa ƙololuwar, alhali yawancin labaran yanzu sai dab da ƙarshe suke kaiwa can, shi ya sa zanen da ake koyarwa a makarantu ya ɗan saɓa da nasa. Shi kuwa Vladimir Propp ɗan Rasha tatsuniyoyin ƙasarsu ya bi, wajen guda 100, ya fito a 1928 da cewa matakai 31 ne suke ta maimaituwa a jere iri ɗaya ko da sunaye sun canza. Ko hakan ya hau kan labaran kowace al'umma, akwai saɓani.

Taurari

Forster ɗin dai ya raba su biyu. Akwai mai hali ɗaya tal daga farko har ƙarshe, akwai kuma wanda halinsa ke da lungu da saƙo, yana iya ba mai karatu mamaki ba tare da an ji ƙarya ba. Babban tauraro yana buƙatar abin da yake nema da kuma abin da ya tare masa hanya, in babu wannan labarin sai ya kwanta.

Mai ba da labari

Ko dai ɗaya daga cikin taurari ne yana cewa "na ga, na ji", ko kuma wani ne daga waje da ya san zuciyar kowa. Na farkon yana iya ɓoye gaskiya ko ya yi kuskure, kuma marubuta na amfani da hakan da gangan.

Dabaru

Ba dole a faɗi abubuwa yadda suka faru a jere ba. Horas, mawaƙin Rum, ya yaba wa Homa, mawaƙin Girka, saboda yana jefa mai sauraro tsakiyar al'amari kai tsaye, daga baya a yi waiwaye a cike gurbin. Akwai hannunka mai sanda, wato a ɗan nuna abu da wuri don ya yi aiki a gaba, wanda ake dangantawa da marubucin Rasha Anton Chekhov da maganar bindigar da in an rataye ta a farkon wasa to dole a harba ta kafin a tashi. Akwai labari cikin labari irin na Dare Dubu da Ɗaya, inda Shaharzad, mai ba sarki labarin, ke katse zance a daidai wurin da ya fi daɗi don ta tsira da ranta zuwa gobe, dabarar da fina-finai masu dogon zango suke ci da ita har yau.

Wuri, lokaci da jigo

Wuri da lokaci su ke iyakance abin da zai yiwu a labarin. Jigo kuwa saƙon da ke ƙunshe ne, kuma galibi ba a furta shi ɓaro-ɓaro.