Ku Daina Ɗura Wa Yaro Mai Gudawa Coke

Da damina ta kankama, yara masu gudawa da amai ne ke cika mana benci a asibiti. Tambayar da nake fara yi wa uwa ita ce: me kika ba shi a gida? Amsar ba ta cika canzawa ba. "Coke na ba shi, na girgiza gas ɗin ya fita, na ɗan barbaɗa gishiri." Wata ta ce kakarsa ce ta sa, wata ta ce babansa ne ya shigo da shi a leda da daddare. Yaron kuwa ga shi kwance a cinya, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, yana kuka babu hawaye.

'Yan'uwana mata, na gaji da wannan al'ada, kuma ba zan daina faɗa ba. Coke ba maganin gudawa ba ne. Ko da gishiri, ko babu gas, ko mai sanyi, ko wanda ya huce, duk ɗaya ne.

Na san abin da ake cewa a zaure da gidan suna: wai akwai wani sirri a cikinsa da Turawa suka ɓoye, kuma ai asalinsa magani ne. To, bari mu yi maganar. Wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, shi ya fara haɗa shi a birnin Atlanta na Amurka a 1886, kuma a kantin magani aka fara sayar da shi. A haɗin farko akwai ganyen koka da goro, irin goron da muke rabawa a ɗaurin aure. Daga baya, a farkon shekarun 1900, aka cire hodar iblis ɗin da ganyen kokar ke ɗauke da ita. Takardar haɗin kuma gaskiya ne a kulle take. Tun 2011 tana cikin wani ɗakin ajiya na ƙarfe a gidan tarihin kamfanin, can Atlanta, mutane na biyan kuɗi su je su kalli ƙofar.

Amma abin da suka kulle ɗin haɗin ƙamshi da ɗanɗano ne kawai, don kada wani kamfani ya kwaikwaya. Harkar kasuwa ce. Sauran kayan duk a rubuce suke a jikin kwalbar da ke hannunki: ruwa mai gas, sukari, kalar ƙonannen sukari da ke sa shi baƙi, wani sinadari mai tsami da ake kira fosforik asid, sai kafin, wato abin nan da ke cikin goro da kofi mai hana barci. A cikin waɗannan wanne ne ke tsayar da zawo? Babu.

Sukarin nake so ki duba da kyau. A kowace mililita 100 akwai sama da giram 10. Robar 50cl kenan tana ɗauke da fiye da giram 50, wajen cokalin shayi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini guda, in ma zai iya tsayawa a 25 ya fi. Wannan babba ne mai lafiya. Ke kuma kin ɗauki abin da ya fi ƙarfin babansa kin ɗura wa ɗan wata goma da cikinsa ke tsiyaya. Haba!

Sukari in ya yi yawa a hanjin yaro, ruwan jikinsa yake janyowa ya fita, sai gudawar ta ƙaru. Gishirin da jikinsa ya zubar kuma babu shi a lemon, ɗan barbaɗen da kika yi da yatsa ba awo ba ne. Shi ya sa za ki ga ya kwankwaɗa da marmari, ya ɗan yi kuzari na minti kaɗan, ki ce ya ji sauƙi, kafin asuba ya langaɓe.

Na san ba da mugunta kuke yi ba. Uwa ce ta ga ɗanta ya ƙi nono, ya ƙi kunu, sai wannan ya karɓa, dole ranta ya yi sanyi. Allah ya saka muku da alherin wahalar da kuke sha da yaran nan. Amma karɓar da ya yi don zaƙi ne, yaro kuwa ko me ka ba shi mai zaƙi zai haɗiye.

Malam maigida, kai ma da kai nake. Kuɗin da ka ba mai shago ka ɗauko lemo, su za ka kai kemis ka ce a ba ka ORS, wato ƙullin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, da ƙwayar zinc. Inna, Hajiya kaka, girmanki ne, amma don Allah ki bar matar ɗanki ta yi abin da aka koya mata a wurin awo. Kuma ba Coke kaɗai ba: Fanta, Pepsi, maltina, lemon kwali, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Masu zubawa a bulumboti su ba jariri kuwa, ku ji tsoron Allah. Ɗan ƙasa da wata shida nono kawai, sai ORS da zinc in yana gudawa.

Abin yi ba shi da wuya:

A zuba ƙullin ORS a ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jiki, yawanci lita ɗaya, wato fiyawata biyu. In babu ORS, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali.
Bayan kowane zawo a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali: ɗan ƙasa da shekara biyu rubu'i zuwa rabin kofi, wanda ya fi haka rabi zuwa kofi guda. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba.
Haɗin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.
Zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya.
Kada a janye nono, kada a hana abinci.

In kika ga jini a kashin, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya daina fitsari, ko ya kasa sha, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa da wuri, kada ki jira gari ya waye, kada ki jira babansa ya dawo daga kasuwa. Ki goya shi ki taho asibiti, kina tafe kina ba shi ORS ɗin a hanya.