Ciwon ƙugu mai sauka ƙafa: yawancinsa ba ya buƙatar tiyata

'Yan dako a kasuwar Farin Gada da Katako, da masu tuƙa keke napep a cikin Jos, suna yawan zuwa asibiti da ciwon da ke tasowa daga ƙugu, ya bi ta ɗuwawu ya sauka ƙafa ɗaya. Sau da yawa dalilinsa shi ne faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya tsage, abin da ke cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya. Ƙasusuwa 5 ne a ƙasan baya, kuma matsalar ta fi aukuwa a faifai biyu na can ƙasa, inda nauyin jiki ya fi sauka.

Da zarar an ambaci faifai, sai hankalin majiyyaci ya tashi, yana ganin sai an yi masa aiki. Alhali kuwa mafi yawan masu wannan lalura suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin garkuwar jiki tana cinye ɓangaren da ya ɓullo sannu a hankali, kumburin ya sace, jijiyar ta huta. Abin mamaki ma, wanda ya ɓullo sosai ya fi saurin ƙanƙancewa.

Kwanciya ta wuce kwana biyu ƙara sandarar da baya take yi. Gara a riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, a rage dogon zama, a dakatar da ɗaukar buhu, sannan a nemi likitan gashin ƙashi ya koyar da motsa jikin da ya dace. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma shansu barkatai daga kemis yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ba na goyon bayan kai irin wannan ciwo wurin mai ɗori, tunda ba karaya ba ce.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta riƙa raunana. Mai ɗaya daga cikinsu a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a ranar, ko da dare ne. Ciwon baya haɗe da zazzaɓi da rama shi ma likita ya gani, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya.