Wai Linux ba ya kamuwa da bairos?

An daɗe ana faɗar haka game da Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, har a shagunan gyaran kwamfuta na Jidda. Maganar tana da tushe: masu kutse sun fi farautar Windows saboda yawan masu amfani da shi, kuma a Linux manhaja ba ta taɓa ginshiƙin tsarin sai da izinin sudo, wato umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfutar. Amma izinin a hannunka yake. In ka kwafo umarnin da ba ka fahimta ba daga intanet, ka sa kalmar sirri, kai ka buɗe wa ɓarawo ƙofa.

A Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, buɗe Terminal (wurin rubuta umarni) ka rubuta "sudo ufw status" ka ga halin da katangar tsaro (firewall, mai tace abin da ke shigowa kwamfuta daga intanet) take ciki. A kashe take zuwa, "sudo ufw enable" ke kunna ta. "apt list --upgradable" kuwa zai jero gyare-gyaren manhajoji da ke jiranka.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.