Gwamna da dokar ta-ɓaci a lokacin bala'i: ina ikonsa ya tsaya, kuma wa ke sa masa ido?

Duk shekara idan damina ta yi nisa, ruwa ya fara cin gidaje da gonaki, za ka ji jama'a a rediyo da Facebook suna kira ga gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci. Kiran na mutanen da abin duniya ya ishe su ne, kuma suna da gaskiya su nemi a yi gaggawa. Sai dai abin da tsarin mulkin Najeriya ya ba gwamna ya sha bamban da abin da yawancinmu muke zato.

Gwamna yana da ikon ayyana dokar ta-ɓaci a jiharsa idan bala'i ya auku?

A'a. Sashe na 305 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa kaɗai wannan iko, ko a ƙasa baki ɗaya ko a wani yanki nata. Cikin dalilan da sashen ya jero akwai yaƙi, da rugujewar doka da oda, da kuma aukuwar bala'i ko alamar yana gab da aukuwa. Ke nan ambaliya da annoba suna ciki.

Abin da aka bar wa gwamna shi ne roƙo. Idan matsalar ba ta tsallake iyakar jiharsa ba, zai iya neman shugaban ƙasa ya ayyana dokar, amma sai kashi biyu cikin uku na majalisar dokokin jihar sun mara masa baya da ƙuduri. Tun daga matakin farko an ɗaure shi da majalisa. A irin wannan hali kuma an hana shugaban ƙasa yin gaban kansa, sai idan gwamnan ya ƙi neman har lokacin da ya kamata ya wuce.

Shi ma shugaban ƙasa ba a sake masa ba. Dole a buga sanarwar a gazet, wato jaridar gwamnati ta sanar da dokoki, a aika wa shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisar wakilai. Idan majalisun suna zama, kwana 2 gare su su amince da ita. Idan suna hutu, kwana 10. In wa'adin ya cika ba a samu amincewar kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa ba, dokar ta faɗi. In an amince, wata 6 take yi, sai in majalisa ta ƙara.

To ai muna jin gwamnoni suna cewa sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi ko ruwan sha. Wannan fa?

Wannan sanarwar manufa ce. Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya yi irinta a kan ilimi a watan Yunin 2024, wasu gwamnoni ma sun yi kafinsa. Ma'anarta gwamnati za ta fifita fannin wajen kuɗi da kulawa. Ba ta ƙara wa gwamna ko ƙwayar iko ɗaya, ba ta taɓa 'yancin kowa, kuma ba ta ba shi damar kashe kwabon da majalisa ba ta amince da shi ba.

In tsarin mulki ya buɗe ƙofar roƙo, me ya sa gwamnoni ba sa bi ta nan idan ruwa ya ci gari?

Tarihin sashen ne ya sa. Ranar 18 ga Mayun 2004 Obasanjo ya ayyana dokar a Filato, ya dakatar da gwamna Joshua Dariye da majalisar jihar, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe jihar. A Oktoban 2006 aka kai ta Ekiti. Jonathan ya sa ta a Adamawa da Borno da Yobe ranar 14 ga Mayun 2013, shi kam ya bar gwamnonin a kujerunsu. Sai ranar 18 ga Maris ɗin 2025 Tinubu ya ayyana ta a Ribas, ya dakatar da gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da 'yan majalisa na wata 6.

Duk waɗannan na rikicin tsaro ne ko na siyasa, babu na ambaliya ko annoba. Sashen kansa bai ambaci dakatar da gwamna ba, shi ya sa lauyoyi suka daɗe suna kai ruwa rana a kai. Amma gwamnan da ya ga abin da ya faru da Dariye da Fubara, da wuya ya rubuta takarda da hannunsa yana gayyato dokar. Ga shi kuma sashen bai yi alkawarin ko sisi ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ba a taɓa sashen ba. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta mamaye Maiduguri da Jere, da dokoki na yau da kullum aka yi aikin ceto.

Da wace doka ke nan gwamna yake aiki ranar da bala'i ya sauka?

Da dokokin da ke ƙasa tun kafin ranar. Akwai dokar 1999 da ta kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda mataimakin shugaban ƙasa ke jagorantar majalisar gudanarwarta. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, waɗanda aka fi sani da SEMA. Ta nan ake kwashe mutane, a buɗe sansani a makarantun firamare, a raba abinci da magani.

Idan annoba ce, akwai dokar killace masu cuta ta 1926, tun ta zamanin Turawa. Ta ba shugaban ƙasa ikon shimfiɗa ƙa'idoji, ta kuma ce inda bai yi ba gwamna zai iya yi a jiharsa. Da ita Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris ɗin 2020, kuma gwamnoni da dama sun jingina da ita tare da dokokin kiwon lafiya na jihohinsu.

Dokar hana fita ita ce ta fi jawo gardama. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro ko lafiyar jama'a, amma ta hanyar doka. Sashe na 36 ya ƙara da cewa ba a hukunta mutum sai a kan laifin da ke rubuce a doka tare da hukuncinsa. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara a Legas ta yanke cewa umarnin gwamna na hana fita ranar tsaftar muhalli bai kai matsayin doka ba, don haka ba a hukunta mutum a kansa. Su kuma 'yan sandan da za su tsare hanya na tarayya ne. Sashe na 215 ya yarda gwamna ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan na iya cewa sai an kai maganar gaban shugaban ƙasa tukuna.

Kuɗin agajin daga ina yake fitowa?

A ganina nan ne maganar take gaba ɗaya, domin gwamnan Najeriya bai cika rasa ikon ba da umarni ba. Abin da ke wucewa ba a duba ba shi ne kuɗi.

Sashe na 120 ya hana a cire kuɗi daga asusun jiha sai da amincewar majalisa. Masu rubuta tsarin mulkin sun san bala'i ba ya sallama, shi ya sa sashe na 123 ya ba majalisa damar kafa asusun ko-ta-kwana da doka. Idan buƙatar gaggawa ta taso wadda ba a yi mata tanadi ba, gwamna zai ɗebi kuɗi daga can nan take. Sharaɗin shi ne ya kai wa majalisa ƙwarya-ƙwaryar kasafi da wuri domin a mayar da abin da aka ɗiba. Wato an ba shi damar yin sauri, an kuma wajabta masa ya dawo ya yi bayani.

Bayan wannan akwai tallafin gwamnatin tarayya, da kuɗin kula da muhalli da jihohi ke samu daga asusun tarayya, da gudummawar attajirai da bankuna da ake sanarwa a gidan gwamnati gaban kyamara. Wannan na ƙarshen ya fi ban tsoro, saboda sau da yawa kwamitin da gwamna ya naɗa ne ke riƙe da shi, ba ya bi ta kasafi. Haka kwangilar gaggawa: dokokin ba da kwangila kan sassauta a lokacin bala'i, a sayi kaya ba tare da gasar 'yan kwangila ba. Sassaucin yana da dalili, amma ta ƙofar ne farashin katifa da buhun shinkafa ke ninkawa.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin rabo ya san yadda abin yake. Jami'i na riƙe da takardar sunaye, mai unguwa na gefensa yana tabbatar da fuskoki, mata na zaune a rana da goyo tun hantsi. A kira gida huɗu a haɗa su a buhu ɗaya, su koma gefe su raba da kwano. Matar da ɗakinta ya rushe ba ta ga sunanta ba, na wani da ruwa bai shiga gidansa ba yana layi na uku. A Oktoban 2020 mutane sun fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan kulle. Ba na goyon bayan fasa rumbu, amma da majalisun jihohin sun nemi lissafin abin da ya shigo da abin da aka raba tun farko, da an san da kayan.

Majalisar jiha tana da haƙoran da za ta ciji wani kuwa?

A takarda tana da su. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar yadda ake aiwatar da dokokinta da yadda ake kashe kuɗin da ta ware, domin bankaɗo almundahana da ɓarna. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran mutum ya ba da shaida bisa rantsuwa, a nemi takardu a hannunsa, in ya ƙi zuwa ba dalili a ba da sammacin kawo shi. Babban mai binciken kuɗi na jiha, bisa sashe na 125, majalisa yake kai wa rahotonsa, ita kuma ta miƙa wa kwamitinta na asusun gwamnati.

A aikace kuwa, yawancin majalisun jam'iyyar gwamna ce ta cika su, kuma ɗan majalisa ya san wanda zai sa baki a tikitinsa na gaba. Shi ya sa jama'a ke ce musu 'yan amshin shata. An gyara tsarin mulki a 2018 domin majalisun su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, amma gyaran bai taɓa maganar tikiti ba.

A Amurka, inda muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa a 1979, yaya suke yi?

Can gwamna da kansa yake ayyana dokar gaggawa ta bala'i, bisa dokar jiharsa. Idan abin ya fi ƙarfin jiha, sai ya nemi shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988, abin da ke biyo baya kuwa kuɗin tarayya ne. Shi ya sa gwamnoninsu ke gaggawar nema.

Rigimarsu a kan tsawon lokaci ce. A jihar Pensilbaniya, kafin 2021, doka ta ba gwamna kwana 90, yana iya sabuntawa da kansa. Gwamna Tom Wolf ya ayyana ta ranar 6 ga Maris ɗin 2020 saboda korona, ya yi ta sabuntawa. Majalisa ta zartar da ƙudurin kawo ƙarshenta, kotun ƙolin jihar ta ce ƙudurin sai ya bi ta hannun gwamna. Sai aka kai maganar gaban jama'a. Ranar 18 ga Mayun 2021 masu zaɓe suka gyara tsarin mulkin jihar: kwana 21 kawai, ƙari sai da yardar majalisa, kuma majalisa za ta iya soke dokar ba tare da sa hannun gwamna ba. A watan Yuni ta soke ta. A Mishigan ma, a Oktoban 2020 kotun ƙolin jihar ta rushe dokar 1945 da gwamna ta dogara da ita, aka bar mata dokar 1976 mai wa'adin kwana 28.

Sa bakin majalisa ba zai jinkirta agaji ba?

Zai jinkirta idan aka ce sai ta zauna kafin a tura jirgin ruwa ya ɗauko mutane daga kan rufin kwano. Kwanakin farko na gwamna ne, kuma ya kamata a sake masa hannu. Inda nake ganin majalisa ta zama dole shi ne mako na uku, wata na biyu, lokacin da ruwa ya janye aka shiga ba da kwangilar gyaran gada da rabon kuɗin sake gini.

Majalisar jiha ba ta buƙatar gyaran tsarin mulki kafin ta yi wannan. Za ta iya yin doka da za ta fayyace matakan da gwamna zai ɗauka a yankin da bala'i ya shafa, da adadin kwanakin da matakan za su yi kafin a dawo gabanta. Za ta iya sa duk gudummawa ta shiga asusu ɗaya da mai binciken kuɗi zai duba, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka karɓi tallafi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma.

Wanda abin ya shafa, wa zai tunkara?

Ɗan majalisar jiha na mazaɓarsa, da takardar koke a rubuce, wadda za a iya gabatarwa a zauren majalisa a miƙa wa kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Takardar ta tambayi abu uku: nawa aka ɗiba daga asusun ko-ta-kwana, yaushe aka kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafin mayar da shi, kuma ina jerin sunayen da SEMA ta yi rabo da shi a unguwarsu. Wanda kuma aka kama ko aka ci tararsa a kan dokar hana fita, sashe na 46 ya ba shi damar kai ƙara babbar kotu a jiharsa, inda za a nemi gwamnati ta nuna rubutacciyar dokar da ta dogara da ita.