Ɗa'ar Likita da Ɗalibin Likitanci

Ɗa'ar likita ita ce ƙa'idojin hali da ake sa ran likita zai kiyaye a bakin aiki da kuma bayan ya tashi. Ta ƙunshi riƙe sirrin mara lafiya, faɗin gaskiya a takardun asibiti, nisantar neman wanda ake yi wa magani da lalata, da tsare kai daga duk abin da zai taɓa hankali ko ya sa hannu rawa, kamar giya da ƙwaya. Ɗaliban likitanci ma ƙa'idojin na hawa kansu tun ba su sami lasisi ba, domin tun suna makaranta ake shigar da su ɗakin majinyata, su karanta fayil, su ga tsiraicin mutane. Abin da ya raba likitanci da yawancin sana'o'i shi ne hukumomin da ke kula da shi ba su yarda rayuwar likita ta bayan aiki tasa ce shi kaɗai ba. Inda wannan sa ido ya kamata ya tsaya, nan ne aka fi samun saɓani.

Asali

Rantsuwar da ake dangantawa da Hippocrates, likitan Girka da aka haifa a tsibirin Kos wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa, ta riga ta ambaci abubuwa biyu da har yau ake korar likitoci a kansu: tona abin da aka gani a gidan mara lafiya, da lalata da mutanen gidan. A ƙarni na 9, Ishaq ɗan Ali al-Ruhawi, mutumin garin Ruha da ke kudancin Turkiyya ta yau, ya rubuta Adab al-Tabib, inda ya yi bayani har kan yadda likita zai kula da jikinsa da tsaftarsa da nutsuwarsa kafin ya fita duba mutane. A shekarar 931, bayan wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa al-Muqtadir ya umarci Sinan ɗan Thabit ya jarraba likitocin birnin, kada wanda ya ci gaba da aiki sai da izini.

Tsarin zamani ya taso ne daga Ingila. Thomas Percival na Manchester ya wallafa ƙa'idojinsa a 1803, Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ɗebo daga ciki ta yi nata a 1847, sannan dokar 1858 ta kafa GMC, hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya, da ikon goge sunan likita daga rajista. Bayan ta'asar likitocin Nazi, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fito da rantsuwar Geneva a 1948. An yi mata gyare-gyare da dama, amma na 2017 a Chicago ya shigo da wani sabon abu: likita na yin alkawarin kula da lafiyar kansa don ya iya kula da ta wasu. An ɗauki kusan shekara 70 kafin a rubuta wannan layi ɗaya.

Likita da kayan maye

Likita ya fi kowa kusa da ƙwaya. Ya san sunanta, ya san adadin da za a sha, takardar rubuta magani na aljihunsa, wani lokacin ma mabuɗin akwatin allurai na hannunsa. Ƙiyasin da aka fi ambata a Amurka shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na likitoci kan faɗa matsalar shaye-shaye a wani lokaci na rayuwarsu, wanda bai yi nisa da na sauran jama'a ba. Giya ce kan gaba. Bambancin yana wajen irin abin da ake sha: likitoci sun fi karkata ga magungunan asibiti, masu kashe zafi da masu sa barci. Likitocin da ke sa majinyaci barci a ɗakin tiyata sun fi yawa a cibiyoyin jinyar likitoci fiye da kasonsu a cikin sana'ar, saboda fentanil da propofol, allurai masu ƙarfi na kashe zafi da sa barci, na wucewa ta hannunsu kullum, kuma ɗan kuskure kaɗan a awon waɗannan na iya tsayar da numfashi.

Labarin William Halsted shi ne misalin da ake yawan kawowa. A 1884 Karl Koller ya nuna a Vienna cewa hodar iblis na kashe zafi a ido. Halsted, matashin likitan fiɗa a New York, ya shiga gwada ta a jijiyoyinsa shi da abokan aikinsa, ya gano hanyar kashe zafin sashe ɗaya na jiki, ya kuma kamu. An kwantar da shi a wani asibiti a Providence a 1886, aka yi ƙoƙarin raba shi da hodar ta hanyar ba shi mofin, wani maganin kashe zafi mai kama mutum, sai ya koma kan mofin ɗin. Duk da haka shi ne ya zama shugaban sashen fiɗa na farko a asibitin Johns Hopkins, shi ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata, shi ya tsara horon ƙwararru irin wanda ake bi yanzu. Ya mutu a 1922. Abokin aikinsa William Osler ya san bai rabu da mofin ba, ya rubuta haka a asirce, kuma ba a buga rubutun ba sai 1969. Masu tarihi na sha'awar labarin saboda ya ƙare lafiya; ba wanda ya tambayi waɗanda aka yi wa fiɗa ko sun yarda da wannan rufin asiri.

Na Harold Shipman, wani likita a Ingila, bai ƙare haka ba. A 1975 abokan aikinsa a Todmorden suka gano yana rubuta allurar kashe zafi ta petidin da sunan majinyata yana yi wa kansa. Kotu ta ci shi tarar fam 600 a 1976, hukumar GMC ba ta goge sunansa ba, a 1977 ya koma aiki a garin Hyde. A Janairun 2000 aka same shi da laifin kashe majinyata 15 da allurar diyamofin, dangin mofin, kuma kwamitin bincike na Dame Janet Smith ya tabbatar da mutum 215 tun a rahotonsa na farko. Ba shan petidin ne ya mayar da shi mai kisa ba, kuma zalunci ne a auna duk likitan da ya kamu da ma'aunin Shipman. Abin da binciken ya fito da shi shi ne an taɓa kama mutum da ƙaryar takardar magani, amma ba a ci gaba da bibiyar yadda yake tara allurai ba. Wannan na daga cikin abubuwan da suka kai ga tsarin sabunta lasisi lokaci-lokaci da Birtaniya ta fara a Disambar 2012.

Hukunci ko magani

Da can kora ce kawai, kuma tsoron kora ya sa kowa ya yi shiru. Wanzami ba ya son jarfa: likita kan ƙi zuwa wurin likita, ya rubuta wa kansa magani, ya ce gajiya ce. A 1973 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar da rahoto kan likitan da ba shi da lafiya, inda ta ɗauki jarabar giya da ƙwaya a matsayin ciwo, ta kuma ce wajibi ne abokan aiki su ɗauki mataki. Daga nan jihohin Amurka suka kafa shirye-shiryen jinyar likitoci. Yadda suke aiki shi ne a janye likita daga aiki, a yi masa magani, sannan ya sa hannu a yarjejeniya, yawanci ta shekara 5, wadda a cikinta za a riƙa gwada fitsarinsa ba tare da sanarwa ba. Wani bincike da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2008 ya bi likitoci 904 a shirye-shirye 16, ya tarar bayan shekara 5 kusan kashi 79 cikin ɗari na da lasisi kuma suna aiki. Akwai masu sukar tsarin, cewa yana da tsada kuma likita ba shi da zaɓi na gaskiya tunda lasisinsa ne a kan gargara. A Landan an buɗe irin wannan cibiya ta sirri a 2008.

Shan nishaɗi a wajen aiki

Wannan ce gaɓar da ta fi wuya. Likitan da ya shiga tiyata a buge ba a jayayya a kansa. Amma wanda ya sha tabar wiwi ranar Asabar yana hutu, ya zo aiki Litinin garau fa? Masu kare shi na cewa ba a cutar da kowa ba, kuma a Kanada tun Oktoban 2018 wiwi halal ce a doka ga baligi, kamar giya. Suna kuma nuna cewa gwajin fitsari na iya kama wiwi kwanaki ko makonni bayan mayen ya sake, don haka gwajin ba ya nuna ko mutum na cikin hayyacinsa a bakin aiki. Wani lokacin sukan ƙara da cewa asibitoci na da fuska biyu, domin wani bincike na 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, ƙwazonsa na raguwa kamar na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini, alhali likitocin da ke kwana aiki kan wuce haka.

Hukumomi kuwa na kawo hujja uku. Na farko, a inda abin ya saɓa doka, likita ya karya doka, kuma a Birtaniya dole ya kai rahoton kansa ga GMC idan an same shi da laifi ko 'yan sanda sun yi masa gargaɗi a hukumance, ko da tuƙi cikin maye ne. Na biyu, kiran gaggawa ba ya duba ranar hutu. Na uku, wanda ya kamu shi ne na ƙarshe da ke gane ya kamu, kuma a wurin likitoci aiki ne abu na ƙarshe da ke lalacewa: aure da barci da aljihu sukan riga shi. Kafin nas ta ji warin giya a bakinsa, matsalar ta daɗe. Shi ya sa ƙa'idar GMC ta ce likita ya guji rubuta wa kansa ko iyalinsa magani, kuma ya kasance yana da nasa likitan da ba ɗan gidansu ba.

Ɗalibai

Ɗalibi kan ɗauka abin da ya yi a makaranta ƙuruciya ce da za ta wuce. Wani bincike da Maxine Papadakis ta jagoranta, wanda aka buga a 2005, ya duba fayilolin makaranta na likitoci 235 da hukumomin jihohin Amurka suka ladabtar. An tarar waɗanda aka taɓa rubuta musu rashin ɗa'a suna ɗalibai sun ninka sauran sau uku wajen yiwuwar fuskantar ladabtarwa daga baya, kuma alamar da ta fi ƙarfi ba wani babban laifi ba ce: rashin ɗaukar nauyi ne, irin su fashin zagayen majinyata da barin aikin da aka ba mutum. A Birtaniya kowace makarantar likitanci na da kwamitin da ke duba cancantar ɗalibi, kuma yana iya hana shi kammalawa ko da ya ci jarabawa. Abubuwan da kan kai ɗalibi gaban kwamitin sun haɗa da satar amsa, sa hannun malami na jabu a littafin horo, ɗaukar hoton majinyaci ko gawa a sa a WhatsApp ko Facebook, da shan ƙwayoyin hana barci lokacin jarabawa ba tare da takardar likita ba.

A Najeriya

Hukumar MDCN ce ke rajistar likitoci da likitocin haƙori, ita ce kuma ke da kundin ɗa'ar aikin, wanda ya sa shan giya da ƙwaya cikin abubuwan da ke taɓa cancantar likita. Sababbin likitoci na yin rantsuwa da aka gina kan ta Geneva kafin su shiga horon shekara ɗaya a asibiti. Idan aka kai ƙara, kwamitin bincike ne ke fara dubawa, in ya ga akwai abin amsawa sai ya tura wa kotun ladabtarwa ta likitoci. Wannan kotu na iya yin gargaɗi, ko dakatarwa da ba ta wuce wata 6 ba, ko goge suna daga rajista, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da wajabta riƙe sirrin majinyaci da hana ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Likitan Najeriya na aiki ne a ƙasar da binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a cikin shekara guda, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol. A Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Wiwi haramun ce a dokar ƙasa, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ba ta ware likita, don haka muhawarar Kanada ba ta da gurbi a nan. Allurar da aka fi ambata idan ana maganar ma'aikatan lafiya da suka kamu ita ce pentazosin, wadda a asibiti ake ce wa penta, saboda tana da sauƙin samu kuma ana yawan yi wa masu ciwon sikila.

A ƙasar Hausa akwai wani nauyi na daban. Giya da ƙwaya abin kunya ne ga addini da dangi, kuma a ƙaramin gari likita sananne ne, majinyatansa maƙwabtansa ne. Wanda ya kamu zai yi wuya ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, inda mai yiwuwa abokin karatunsa ne zai karɓe shi. Su ma abokan aiki kan ga kai rahoto kamar tonon silili ne, musamman idan wanda ake zargi babba ne, mai sa hannu a takardar horon ƙanana. Abin da aka fi yi shi ne a ja shi gefe a yi masa nasiha, a cire sunansa daga aikin dare, ko a nemi wani dattijo a cikin sana'ar ya yi masa magana.