Wai mene ne rijim ɗin nan da kowa ke cewa ya gama?

Da biki ya matso ko azumi ya wuce, kalma ɗaya ce a bakin mutanenmu na Jidda da Makka: rijim, wato takaita cin abinci don rage ƙiba. Ina rijim, na shiga rijim, shayin rijim a Snapchat, ƙwayar rijim a TikTok, har wata mai talla na ji tana rantsuwa wai nata kwana goma kilo bakwai ko kana kwance. Wannan bai dame ni ba, ɗan kasuwa ai sai da kirari. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne "na gama rijim". Ka gama me?

Kalmar fa ba Larabci ba ce, Larabawa aro suka yi daga Faransanci, su kuma Faransawa daga Latin suka gado ta, tushenta mulki yake nufi, tafiyar da abu bisa tsari. Shi ya sa a Faransanci da tsarin cin abinci da gwamnatin da ke kan karaga duk suna ɗaya ake kiransu, 'yan uwanmu na Nijar da suka yi boko sun san haka. Larabcin littafi himya yake cewa, wato ƙaurace wa abin da zai cutar da kai, amma a titi rijim ce ta ci kasuwa. To ka ga a asali rijim gwamnatin cikinka ce mai zama daram, mu kuma sai muka mai da ita juyin mulki. Da asuba an kama shinkafa an tsare, an haramta burodin tamis da waken ful, an rufe iyaka da Pepsi, an sa dokar hana fita a firij, ba mai yawo sai kokwamba da ruwan lemun tsami. Sati biyu ana ta bugun ƙirji. Rana ta goma sha biyar a gayyace ka walima a istiraha, wato gidan shaƙatawa, a dire farantin mandi yana tururi, shi ke nan sojoji su koma bariki, kilo biyar da aka kora su dawo har da baƙi biyu da ba a san su ba.

Gwaggona a Shari' Mansur take. Na je gaishe ta na ce, Gwaggo ya rijim? Ta ce "ɗan nan ai na sauke shi tun Sha'aban, kilo shida na zubar." Sauke fa ta ce, kamar allo, saura a yi walima. Tana faɗa tana juya cokali na uku na sukari a shayi, ga abayar da ta kai wa tela ya rage mata a rataye jikin ƙofa, ta daina shiga.

Kuma ba wai ragwanta ce kawai ba, a yi wa mutane adalci. Jiki ba ya son a rage masa, in nauyi ya sauka yunwa ƙaruwa take, kuma abin da jikin ke ƙonawa a zaune sai ya ragu. A 2016 an fitar da bincike a Amurka kan mutum 14 da suka zubar da ƙiba mai yawa a wata gasar talabijin, bayan shekara shida, 13 daga cikinsu sun ƙara nauyi, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ake tsammani a rana. Ko alluran nan irin su Ozempic da ake rububi, an ga waɗanda suka daina sun mai da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. Takmim ma, aikin rage tumbi da ake yawan yi a ƙasar nan, likita zai gaya maka bayan wuƙa akwai tsarin ci na har abada.

Hukuma ta yi nata, a 2017 aka sa harajin kashi 50 a kan lemon gwangwani mai gas, daga 2019 kuma gidajen abinci suke rubuta kalori a gaban kowane abinci. Muna karantawa mu ce subhanallah, mu ce a ƙaro tafarnuwa.

Ni dai a wajena abin da ba za ka iya yi ranar Sallah da daren Juma'a a gidan surukai ba, bai kai a kira shi rijim ba. Sukari daga cokali uku ya koma ɗaya ya tsaya a nan, shinkafar kabsa a ci rabi a ƙara salatin, a taka a Kornish, bakin teku, bayan isha'i in zafi ya lafa, a hau sikeli sau ɗaya a sati. Ba armashi, shi ya sa ba mai tallarsa. Na faɗa wa Gwaggo haka, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce in fara da nawa tumbin, sannan ta turo min farantin dabino.